Tsohuwar Motar Tsere: Abar Ajiya ce ko Abar Hawa?

A watan Mayun 2022 kamfanin Mercedes-Benz ya tara wasu attajirai ƙalilan a gidan tarihinsa da ke Stuttgart a Jamus, aka yi gwanjon mota guda ɗaya, ta tashi a kan Yuro miliyan 135. Ƙirar 1955 ce, 300 SLR mai rufi, wadda ake kira da sunan injiniyan da ya tsara ta, Rudolf Uhlenhaut, kuma biyu rak aka taɓa ƙerawa. Shekaru huɗu kafin nan an yi gwanjon wata Ferrari 250 GTO a Kalifoniya kan dala miliyan 48.4. Duk wanda ya ji waɗannan kuɗi zai ɗauka irin motocin nan sun gama taka kwalta ke nan, sai dai a killace su a sa musu mai gadi. Amma duk watan Satumba, a filin tsere na Goodwood da ke kudancin Ingila, ana fito da sa'o'insu, su Ferrari da Jaguar da Aston Martin da Cobra na shekarun 1950 da 1960, a jera su, a ɗaga tuta, su yi ta rige-rigen shiga kwana ba sani ba sabo, har wani lokaci a yi karo a janye wata zuwa gareji da bodi a lotse. Mai hange daga nesa zai ce ɓarna ce ta waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. Ni kuwa ina ganin masu fito da motocin ne suka fi kusa da gaskiya, domin abin da ya cancanci adanawa a tsohuwar motar tsere bai tsaya ga ƙarfenta ba. Yana cikin gudunta, da hannun mai tuƙa ta, da sanin mai gyara ta, kuma duk waɗannan mutuwa suke yi idan aka kulle ta. Sai dai ra'ayin yana da masu suka, kuma wata sukar tana da nauyin da masu sha'awar ba su cika son ɗauka ba.

Kafin hukunci sai a san irin motocin da ake magana a kansu. Motar tseren yau tana da fukafukai masu danne ta da ƙasa, da faffaɗan tayoyi, direba yana canza giya da ɗan yatsa, injiniyoyi kuma suna zaune gaban kwamfuta suna karanta lafiyar injin tun kafin shi ya ji wani abu. Ta da ba ta san wannan ba. Tayoyinta sirara ne, birkinta yakan yi rauni idan ya ɗau zafi, sitiyarinta sai da ƙarfin damtse, giya kuma sai an taka kuloci an daidaita totur da kunne. Idan ta shiga kwana bayanta kan zame, direba ya riƙe ta da totur da sitiyari, ɗan kallo yana ganin hannuwansa suna aiki. A 1955 Stirling Moss ya ci tseren Mille Miglia na Italiya, daga Brescia zuwa Rum a komo, kusan kilomita 1,600 a kan hanyoyin da jama'a ke bi, cikin awa 10 da minti 7 da daƙiƙa 48, wato kimanin kilomita 157 a awa ɗaya, har da hawan duwatsu da ratsa garuruwa. A gefensa ɗan jarida Denis Jenkinson yana warware doguwar takarda da suka rubuta kwanoni da tuddan hanyar a kai, yana yi masa ishara da hannu, don ƙarar inji ba ta barin a ji magana. Waɗannan alƙaluma suna nan a littattafai, amma littafi ba ya nuna wa mutum abin da ake nufi da tsayar da irin wannan mota daga gudun da ya haura kilomita 250 da birkin wancan zamani. Sai an ga tana yi.

Abin mamaki, waɗanda suka ƙera motocin ba su ɗauke su kayan tarihi ba. Kayan aiki ne, in sun tsufa a jefar. Enzo Ferrari ya sa an farfasa duk motocinsa ƙirar 156 mai hancin kifi, wadda Phil Hill ya zama zakaran duniya da ita a 1961, babu ko ɗaya da ta tsira. Ita kanta 250 GTO, wadda guda 36 aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, ta kuma ci wa Ferrari kambun duniya na ajinta shekara uku a jere, da yayinta ya wuce an riƙa sayar da ita da araha, har wata ta yi shekaru a yashe a wani fili a jihar Ohio ta Amurka. Waɗanda suka tsinci irin waɗannan motoci tun suna banza ba 'yan kasuwa ba ne, masu son tuƙi ne da ba su da kuɗin sabuwa. A Ingila sun kafa ƙungiyar Vintage Sports-Car Club tun 1934. A Amurka an fara taron Monterey a filin Laguna Seca a 1974, Italiya ta farfaɗo da Mille Miglia a 1977, Monako ta soma nata tseren tarihi a 1997, Goodwood ya sake buɗewa a 1998 bayan an rufe shi ga tsere tun 1966, sai Le Mans Classic a Faransa a 2002. Tsarin abin ke nan: hawa ne ya ceci motocin, daraja ta biyo baya, kuɗi suka zo daga ƙarshe. Mai cewa a daina hawansu don sun yi tsada yana so ne a sare tushen da ya haifi tsadar.

Akwai kuma hujja ta kanikanci wadda kowane bakanike ya sani. Mota ba ta son zama. Robobi su bushe su tsage, fetur ya daskare a kafireta, man birki ya sha ruwa, tsatsa ta kama cikin silinda. Gidan tarihi yana iya goge bodi ya yi ta ƙyalli alhali cikin ya daɗe da mutuwa. Amma lalacewar ƙarfe ƙarama ce idan aka gwada ta da ɓacewar sani. Injin 250 GTO silinda 12 ne da kafireta shida ƙirar Weber, kuma daidaita su su riƙa shan iska da mai daidai wa daida aiki ne na kunne da haƙuri, ba a koyonsa sai a gindin wanda ya iya. Haka bugun bodin alminiyum da guduma a kan katako har ya ɗauki siffa, da ɗaure wilin waya, da zuba narkakken ƙarfe a mazaunin sandar inji kamar yadda ake yi wa motocin kafin yaƙin duniya na biyu. Waɗannan sana'o'i suna raye a garejojin Ingila da kewayen Modena ne saboda akwai motocin da ake wahalarwa kowace shekara, suna lalacewa ana gyarawa, masu gareji suna ɗaukar yara suna koya musu. Har yau ana yin tayoyin Dunlop na tsere masu zane irin na shekarun 1950 da 1960 don wannan kasuwa kaɗai. Ranar da aka daina tseren, masu wannan sani za su tsufa ba magaji, kuma motocin da ke gidan tarihi ma za su rasa mai tayar da su.

Suka ta farko da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce ta jini. Ana cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma lalle masu begen wancan zamani sukan tuna ƙarar inji su manta da gawawwaki. Ranar 11 ga Yunin 1955 a tseren awa 24 na Le Mans, motar Pierre Levegh ta hau bayan wata Austin-Healey, ta tashi sama, ta tarwatse cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka mutu, aka kuma ci gaba da tseren har washegari. Motar 300 SLR ce, 'yar'uwar wadda aka sayar Yuro miliyan 135. Mercedes ta janye daga tsere a ƙarshen shekarar, Suwizalan ta haramta tseren fili na tsawon shekaru masu yawa. A 1957 tayar Ferrarin Alfonso de Portago ta fashe kusa da ƙauyen Guidizzolo, ya mutu shi da abokin tafiyarsa da 'yan kallo tara, biyar daga cikinsu yara, daga nan aka binne Mille Miglia ta asali. Jim Clark, wanda da yawa suke ganin babu kamarsa a zamaninsa, ya mutu a filin tsere na Hockenheim a 1968. To, me ake murna da shi idan aka sa tufafin wancan zamani, kamar yadda 'yan kallon Goodwood suke yi, ana kaɗe-kaɗe? Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, kuma duk taron da ya mayar da shekarun nan biki zalla ya yi wa tarihi ƙarya.

Amma a duba yadda ake gudanar da tseren tarihin, za a ga darasin mutuwar yana cikinsa. Mille Miglia ta yau ba ta rige-rige ba ce, gasar kiyaye lokaci ce, wanda ya isa da wuri ma an ci shi tara. Direbobin Goodwood suna sa rigar da wuta ba ta ci, da hular kwano ta zamani, motoci da yawa an sa musu bel da baka na ƙarfe mai kare kai da abin kashe gobara, 'yan kallo kuma suna bayan shinge. A Le Mans a da, direbobi sukan tsaya a tsallaken hanya, a ba da alama su sheƙa da gudu su faɗa mota su tashi, da yawa ba su tsaya ɗaura bel ba. A 1969 Jacky Ickx ya ƙi gudun, ya taka a hankali, ya ɗaura bel ɗinsa, ya tashi a bayan kowa. A zagayen farko John Woolfe ya yi hatsari da Porsche 917 ya mutu, shi kuwa Ickx ya ci tseren da Ford GT40 da tazarar kimanin mita 120 bayan awa 24. Daga shekarar da ta biyo baya aka daina wannan gudun. A Le Mans Classic ana kwaikwayonsa don 'yan kallo su gani, sannan a sake jera motocin kowa a ɗaure kafin a fara tseren gaske. Kuma mutumin da ya ga Jaguar D-Type tana wucewa, kan direba a waje, tankin fetur a bayan wuyansa, ya fi mai karanta alƙaluma fahimtar dalilin da ya sa Jackie Stewart ya tayar da ƙayar baya kan tsaro bayan ya maƙale cikin motarsa a filin tsere na Spa a 1966, fetur yana zuba a jikinsa.

Suka ta biyu ita ce wasan masu kuɗi ne, kuma ba za a musa ba. Bayan mutuwar Enzo Ferrari a 1988 farashin motocinsa ya yi tashin gwauron zabo, masu neman riba suka cika kasuwar, a farkon shekarun 1990 ta rushe da su. Labarin 'yan'uwan nan biyu, Fritz da Hans Schlumpf, masu masaƙu a Mulhouse ta Faransa, ya fi wannan ɗaci. Sun tara motoci fiye da 400 a ɓoye, Bugatti kaɗai ta haura ɗari, alhali masaƙun suna durƙushewa. A 1977 ma'aikatan da aka kora suka kutsa ɗakin ajiyar suka mamaye shi, su kuwa masu shi tuni sun tsere Suwizalan, daga baya tarin ya zama gidan tarihin motoci na ƙasa. To amma a lura da inda laifin yake. Laifin su Schlumpf ɓoyewa ne. Attajirin da ya kulle motarsa yana jiran farashi ya tashi ya mayar da ita takardar hannun jari, babu mai amfana sai shi. Wanda ya fito da ita fili ya biya makanikai, ya ɗauki hasarar karo a kansa, ya kuma bar wanda ya sayi tikiti kawai ya tsaya kusa da ita ya ji ƙararta. Idan an ƙi jinin yadda dukiya ta mamaye abin, tseren ne ya fi rage wannan mamaya, ba ajiya ba. Ban da haka, yawancin masu sha'awar ba su taɓa kusantar GTO ba. MG ce ko Triumph ko Mini suke kwancewa a bayan gida ranar hutu.

Mai karatu a Kano ko Zinder ma ba baƙo ba ne ga wannan tarihi kamar yadda zai zata. A 1975, shekarar da aka fara haɗa Peugeot 504 a Kaduna, da 504 ce Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya, ɗaya daga cikin mafi wahala a duniya, a 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas ya maimaita da 504 mai ƙofa biyu da inji silinda shida. Ƙungiyar FIVA, wadda ke haɗa kan masu tsofaffin motoci na ƙasashe, tana ɗaukar motar da ta kai shekara 30 a matsayin ta tarihi idan an kula da ita a siffarta ta asali, don haka 504 da yawa da suka yi jigilar fasinja a hanyoyin Arewa sun daɗe da cika shekarun. Abin da ya raya su har suka kai haka ba gidan tarihi ba ne, aiki ne, da makanikan da suka san kafiretarsu kamar yunwar cikinsu, da kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa da Panteka. Da aka daina hawansu, sai ga su suna ƙarewa a hannun masu sayen ƙarafa.

Batun hayaƙi ba ya buƙatar dogon bayani. Motocin kaɗan ne, tafiyarsu a shekara kaɗan ce, kuma hayaƙin 'yan kallon da suka zo da motoci da jiragen sama ya fi na masu tseren nesa ba kusa ba. A 2024 Goodwood ya wajabta wa duk masu tsere amfani da man da akasarinsa ba daga rijiya aka haƙo shi ba, injinan suka ɗauka. Masu cire inji su sa batir kuwa, FIVA ta faɗa tun 2019 cewa motar da aka yi wa haka ta fita daga sahun na tarihi, kuma ina ganin ta yi daidai, don an cire abin da ake zuwa saurare.

Suka mafi ƙarfi ta bambanta da waɗannan, domin daga cikin gida take fitowa. Idan ana tsere da mota, ana karo, ana sauya inji da bodi da ƙashin da aka ɗora ta a kai, wace rana za a ce ba ita ba ce kuma? Wannan tambaya ta taɓa zuwa gaban babbar kotu a Landan a 1990. Motar ita ce Bentley da ake kira Old Number One, wadda ta ci Le Mans a 1929 da 1930. An yi cinikinta kan fam miliyan 10, sai kamfanin Middlebridge da ya saya ya nemi fasawa, yana cewa ba motar da ta ci tseren ba ce, tunda a 1932 an sake gina ta a kan sabon ƙashi, ta yi mummunan hatsari a Brooklands wanda ya kashe direbanta Clive Dunfee, aka kuma sake gina ta. Alƙali Otton ya yarda an sauya sassa masu yawa, amma ya yanke cewa ita ce, saboda tarihinta bai taɓa yankewa ba, kuma babu wata mota da za ta iya da'awar sunan. Wannan hukunci ba zai yi wa Bahaushe wuyar fahimta ba. Tsohon gidan ƙasa da ake wa yaɓe bayan kowace damina, ƙasar da ke fuskarsa yau ba ita ce ta zamanin kakanni ba, amma babu mai cewa ba gidan ba ne, kuma wanda ya hana a taɓa shi da sunan adana asali shi ne zai ga rushewarsa. Motar tsere ma tun tana sabuwa haka take rayuwa, ana sauya mata inji tsakanin tsere da tsere, ana buga mata sabon hanci bayan kowane karo.

Sai dai wannan hujja tana da ƙofar da ɓarayi ke bi, kuma a nan ne masu sha'awar suka fi sakaci. Idan tarihi ne ke ba mota daraja, to lambar da ke jikin ƙashinta da takardunta sun fi ƙarfen tsada, kuma an sha samun motoci biyu suna da'awar lamba ɗaya, ɗaya an gina ta daga tsohon ƙashi, ɗaya daga tsohon inji. Takardar da hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ke bayarwa don shiga tseren tarihi tana tabbatar da cewa an gina mota daidai da ƙa'idar zamaninta ne, ba ta shaida cewa a zamanin aka ƙera ta ba, don haka wadda aka haɗa bara tana iya samunta. Kamfanonin ma sun shiga kasuwar. Jaguar ta yi niyyar ƙera E-Type mara nauyi guda 18 a 1963, ta tsaya a 12, bayan shekara hamsin ta ƙera sauran shidan da lambobin da suka rage, ta kuma sake ƙera XKSS guda tara a madadin waɗanda gobarar masana'antarta ta cinye a 1957. Aston Martin ta yi haka da DB4 GT guda 25. Waɗannan dai a fili aka yi su, ba a yaudari kowa ba. Abin da ya fi damuwa shi ne mai mota ta gaske da zai gina tagwayenta a asirce, ya kulle ta asalin, ya kawo jabun fili da sunanta. Ga kuma gasar da ta sa ana ta inganta injina da ƙarafan zamani da gwajin kwamfuta, har motoci da yawa suna zagaye Goodwood da saurin da ba su taɓa yi ba a hannun gwanayen 1960. Idan aka bar wannan ya ci gaba, ɗan kallo zai riƙa ganin sababbin motoci sanye da tsohuwar riga, kuma hujjar da na kafa ta cewa tseren yana nuna yadda abin yake a da za ta rushe da kanta.

Maganin ba hana kwafi ba ne. Inda ta asalin ta ɓace gaba ɗaya, kamar Ferrari mai hancin kifi, kwafin ne kaɗai hanyar da za a sake jin ƙararta, kuma an gina shi, an kuma nuna shi a Goodwood. Abin da ake bukata daga masu shirya taro shi ne su rubuta a takardar shirin ranar, a gaban kowace lamba, ko mota ce mai tarihi mara yankewa, ko an sake gina ta daga ragowar sassa, ko sabuwa ce dungurungum, su kuma raba ajinsu a wajen ba da kofi. Su riƙa kwance injin wanda ya ci tsere a auna shi da ma'aunin takardun kamfani na shekarar da aka ƙera motar, su taƙaita yawan juyin inji inda ya cancanta. Hakan zai rage saurin zagaye da 'yan daƙiƙoƙi, zai kuma ɓata wa wasu manyan masu motoci rai, waɗanda masu shirya taron suke dogaro da su don cika fili. Amma shi ne kaɗai zai sa mai motar gaske ya ga amfanin fito da ita, tunda ba zai ƙara karawa da sabuwar da aka gina don a ci shi ba, wadda in ta lotse ba a yi hasarar komai ba sai kuɗin alminiyum.